Kuncin Auta na Hagu

Ni tun farko ban so zuwa gidan talabijin ɗin nan ba, kuma na faɗa a gaban kowa, ba a bayan ido ba. Amma Yaya in ta ƙwallafa ranta a kan abu, sai dai ka gaji ka bar ta. Kafin in gama mita har an kira ta a waya an ce ta samu shiga shirin Kawo Hajarka, ta sa an buga wa kwalabenta sababbin takardu masu ruwan zinariya, ta dawo tana tambayata wane mayafi ne ya fi fita a kyamara.

Ga wanda bai san shirin ba, attajirai uku ne ke hakimce a kan manyan kujeru, talaka ya shigo da abin da ya ƙirƙira, ya yi bayani, su yi masa tambayoyi. In ya burge su, su zuba jari. In bai burge su ba, su yi masa tsirara a gaban duniya, ya tattara kayansa ya fita ana kiɗa. Mu ma a gida muna kallo, muna dariya har da riƙe ciki, don ba namu ba ne a tsaye a wurin.

Hajar Yaya man shafawa ne, na tabon ƙuna. Hujjarta kuwa guda ɗaya ce tak, fuskar 'yarta Auta.

Auta tana ƙarama, lokacin da ta fara gudu a cikin gida, Yaya ta juyo daga kan risho da butar shayi tana tafasa, yarinyar ta shigo mata tsakanin ƙafafu. Ruwan ya kama ta daga ƙarƙashin idon hagu har haɓa. Ta warke, amma wurin ya tattare, ya yi duhu a gefe, ya yi fari-fari a tsakiya. Babu wanda ya taɓa cewa laifin Yaya ne, har baban yarinyar, Allah ya jiƙansa. Ita ta yanke wa kanta hukunci. Tun daga ranar ba ta ƙara kallon Auta a fuska ba. Tana yi mata wanka, tana yi mata kitso, tana kwana a kanta in ba ta da lafiya, amma in za ta yi mata magana, kafaɗarta take kallo, ko bango. Abu mai zafi kuwa ba ta sake miƙa mata da hannunta ba. Ko shayi ne sai ta ce da ni, "Miƙa mata." Haka yarinyar ta girma, har ta zama cikakkiyar mace mai zuwa aiki.

Shekarun nan duka Yaya tana kicin tana dafe-dafe. Kakin zuma, man kwakwa, man zaitun, ruwan wani ganye, duk abin da aka ce mata yana gyara fata sai ta narka ta cuɗa ta ɗura a kwalba, ta ajiye wa Auta a bakin madubi. Auta ta shafa, don ba ta iya yi wa uwarta musu. Man yana da ƙamshi, yana laushin fata, iyakarsa ke nan.

Auta a shagon fenti take aiki, ita ke haɗa kala. Kawo mata ɓallin bangonka, ta dube shi sau ɗaya, ta haɗa maka irinsa har ka kasa gane inda aka yi faci. Wata rana za a ɗauke su hoton katin aiki, sai ta ɗan kwaɓa hoda da wani man rufe tabo ta shafa a gefen kuncin. Da ta dawo gida ba ta wanke ba. Yaya ta ɗago za ta ce mata wani abu, idonta ya kuskure ya faɗa kan fuskar, sai ya tsaya a wurin.

"Auta," in ji ta, "kamar ya fara dushewa?"

Auta ta ce, "Eh, Umma."

Shi ke nan fa. Ɗakinmu ɗaya da Auta tun da na dawo gidan da zama, don haka a idona aka yi komai. Kullum da safe takan kulle ƙofa ta zauna gaban madubi da 'yan robobinta. Ba ta rufe tabon gaba ɗaya a rana ɗaya ba, ta fi haka wayo. Kaɗan-kaɗan take cin gefensa, wata bayan wata, yadda magani na gaskiya zai yi. Yaya kuma ta riƙa tsayar da ita a bakin taga tana ɗaukarta hoto da waya, tana hamdala. Ta fara kama haɓarta tana juya fuskar ga haske. Ta fara yi mata faɗa ido cikin ido kamar kowace uwa.

Na ce da Auta, "Ke, wannan abin ba zai ƙare da kyau ba. Ki faɗa wa uwarki gaskiya."

Ta ce, "Anti, jiya da hannunta ta miƙo min shayi."

Abin da Auta ke karewa ke nan, ba man ba, ba ciniki ba. Ta kusa talatin kafin ta san yadda idon uwarta yake in yana kallonta, kuma ba ta shirya mayar da shi ba.

Matsalar ita ce Yaya ba ta iya riƙe alheri ita kaɗai. Ta nuna wa maƙwabta hotunan, maƙwabta suka saya, suka kai wa wasu. Daga nan aka fara zuga ta: ai wannan abin duniya ya kamata ta sani. Auta ta roƙe ta, ta ce kunya take ji, ba ta son a gan ta a talabijin. Yaya ta ce to ta zauna cikin 'yan kallo, hotuna kawai za a nuna. Da wannan alkawarin muka tafi, ni ina ɗauke da kwalin kwalabe.

Wurin a talabijin kamar fada yake, amma a ido wani dogon sito ne mai sanyin tsiya, wayoyi ko'ina a ƙasa an manne su da salatif. Bangon nan mai ƙyalli da muke gani katako ne, a bayansa an jingine tsintsiya da bokiti. Aka kai mu ɗakin jira inda masu haja ke zazzaune kowa rungume da kayansa, wani yana ta maimaita jawabinsa yana kallon silin.

Furodusan, wato mai tsara shirin, ya shigo, wani matashi siriri da murmushi kamar an ɗinka masa. Kowa Mama ne ko Baba a bakinsa. Ya durƙusa ya gaida Yaya, ya karɓi wayarta ya duba hotunan, ya ɗago ya dubi Auta.

"Mama, wannan ce ta hoton? Allah mai iko! Ai kuwa sai ta shiga ɗakin kwalliya."

Na ce, "Ba za ta fito ba, cikin 'yan kallo za ta zauna."

"Ba komai, Anti," in ji shi. "Ƙa'idarmu ce. Duk wanda kyamara za ta iya haskawa sai an ɗan buga masa hoda, ko dangi ne, saboda fitilun nan suna sa fuska ƙyalli. Ba a tsallake kowa."

Na bi su ɗakin, na tsaya a bakin ƙofa. Mai kwalliyar wata 'yar gajeruwa ce mai cin cingam, ta gama da Yaya cikin hira da dariya, ta sallame ta, sannan Auta ta hau kujerar. Ta dangwali hoda da soso ta buga a goshi, ta buga a kuncin dama, ta zo na hagu. Nan hannunta ya tsaya. Ta dubi soson, ta matso da fitila, ta daina tauna cingam.

"'Yar'uwa, wa ya yi miki wannan aikin?" ta tambaya a hankali.

Auta ta ce, "Don Allah."

"A'a, ni yabawa nake. Wallahi hannu ne. Ni da nake sana'ar ban kai nan ba." Ta dafa kafaɗarta. "Kwantar da hankalinki. Bari in ɗauko wata hodar, wannan ta yi miki haske."

Ta wuce ni ta fita. Hodar da ta je ɗaukowa a kunnen furodusa take. Ina kallonsu a ƙarshen baranda, tana magana tana nuna kuncinta da yatsa, shi kuwa fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Ya ciro 'yar wayar da ke rataye a ƙugunsa ya fara magana da sauri.

Na koma na ce da Auta mu tafi, yanzu-yanzu. Ta ce, "In muka tafi za ta tambayi dalili, Anti." Na je wurin Yaya na ce kaina ke sarawa, jiri nake gani. Ta buɗe jaka ta ba ni ƙwayar magani, ta ce in daure, saura kaɗan. Sabon mayafinta ya yi mata kyau, ban taɓa ganinta da annuri irin na ranar ba, abin ya ƙara ƙona min rai.

Aka zaunar da ni da Auta a layin gaba. Ba mu muka zaɓa ba, wata yarinya mai riƙe da allo ce ta tashi wasu ta sa mu a wurin. Akwai wani mutum a gefe da aikinsa kawai ya ɗaga hannu mu yi tafi, ya sauke mu yi shiru. Attajiran suka shigo. Na farko Mai Siminti, ƙato, ya cika kujerarsa, rabin lokacin yana danna waya. Na biyu Mai Gilashi, mai kamfanin magunguna, ba ya ɗaga murya, ba ya dariya. Ta ukun ita ce wadda duk gari ke kira Hajiya Farce, mai kamfanin kayan kwalliya, saboda dogayen faratan da take ƙwanƙwasa hannun kujera da su in za ta yanka mutum. Kowannensu da ɗan abin sauraro a kunne, wanda a gida ba ma gani. Ta nan furodusa ke yi musu raɗa.

Wanda ya riga Yaya shiga wani dattijo ne da agogon hannu da ya ce yana korar sauro da ƙara. Suka bar shi ya gama, har Mai Siminti ya yaba. Sai aka turo wani akwatin raga cike da sauro aka ce ya zura hannu. Bawan Allah ya zura. Kyamara ta matso, muka ga sauron sun sauka har a kan agogon. Aka hana shi cirewa sai da mai ɗaukar hoto ya ƙoshi. Mai ɗaga hannu ya ɗaga, 'yan kallo suka kwashe da dariya da tafi, dattijon ya fita yana susa yana cewa batir ne ya yi sanyi. Auta ba ta yi dariya ba, hannunta yana cikin nawa.

Sai ga Yaya. Ta yi sallama, ta jera kwalabenta, ta fara. Wallahi ta yi ƙoƙari. Ba ta ɓoye komai ba, ta faɗi butar shayin, ta faɗi shekarun da ta yi ba ta iya kallon 'yarta. Hotunan suka fito a babban allo ɗaya bayan ɗaya, tabon yana ja da baya har ya ɓace. Wata mata a bayana tana sharar hawaye.

Mai Gilashi ya fara. "Mama, an gwada man nan a ɗakin gwaji?"

"A'a, ranka ya daɗe. A gida nake yi."

"Hukuma ta ba ki lambar rajista?"

"Ina kan nema."

"A cikin abubuwan da kika lissafa, wanne ne yake cire tabo? Don ni duka na san su. Suna laushin fata, ban san wanda ke mayar da naman da ya ƙone ba."

"Haɗin ne, ranka ya daɗe. Da kuma ikon Allah."

"Ikon Allah ba a sa shi a kwalba a sayar," in ji shi. "Ban da 'yarki, wa ya warke?"

Yaya ta ce ana dai samun sauƙi, sai an jure, ita ma tata ta ɗauki lokaci.

"Wato akwai uwayen da ke shafa wa 'ya'yansu wannan yanzu haka, suna jira, maimakon su je asibiti."

Ina jin haushin mutumin nan har yau, amma ba zan yi masa ƙarya ba, tambayoyinsa a kan hanya suke. Da a nan aka tsaya, da an ce mata ta je ta yi gwaji ta dawo, da mun koma gida da 'yar kunyarmu, mu ci abinci mu kwanta. Amma gaskiya tsurarta ba ta tara 'yan kallo, kuma su ba don kare uwayen nan suka kunna fitilu ba.

Hajiya Farce ta taɓa kunnenta, ta saurara, sannan ta yi murmushi. Faratan suka fara ƙwanƙwasa kujera.

"Haba, ku bar baiwar Allah ta huta," in ji ta. "Ni na yarda da ke, Mama. Ni uwa ce. Hoto dai kowa na iya gyarawa, amma an ce min yarinyar tana nan. Ina take? 'Yata, taso mu ga ikon Allah."

Fitila ta faɗo a kanmu. Mai ɗaga hannu ya ɗaga, wuri ya ɗauki tafi. Na riƙe Auta gam na ce ba inda za ta. Sai Yaya ta juyo, baki har kunne, ta miƙo hannu.

"Zo, Auta. Zo su gani."

Tana kallonta ne tsakiyar ido. Auta ta zare hannunta daga nawa ta tashi.

Hajiya Farce ta sauko daga kujerarta, abin da ba ta cika yi ba. Ta kama haɓar Auta da faratan nan, ta juya ta ga kyamara, tana cewa kai, tubarkalla, dubi fata kamar ta jariri. Ta tambayi Yaya ko ta rantse man nan kaɗai ya yi wannan aikin. Yaya ta rantse. Ta sa ta maimaita, ta maimaita. Sannan ta zura hannu a bayan kujera ta ciro jiƙaƙƙen tishu, wanda dama an ajiye mata shi a wurin.

"Bari in ɗan share miki gumi, 'yata."

Auta ba ta kauce ba. Ta rufe ido kawai. Tishun ya bi daga ƙarƙashin ido zuwa haɓa, ja ɗaya, ya fito da launin fatarta a jikinsa. A babban allo, inda hoton ƙarshe yake, sai ga kuncin ya cika bango, tabon yana nan yadda yake tun tana yarinya, bai ragu da ko ƙwayar gero ba.

Yaya ta dubi allon, ta dubi tishun, ta dubi Auta. Auta ta ce, "Umma," sau ɗaya, ba ta ƙara ba.

Na miƙe ina zage-zage, wasu ƙarti biyu suka riƙe ni. Ban san me na faɗa ba, na dai san na haɗa har da iyayen Hajiya Farce. Cikin haka sai muryar furodusa ta fito ta lasifika.

"A tsaya! A tsaya! Kyamara ta biyu ba ta samu fuskar Mama ba."

Ya fito da gudunsa, da murmushin nan nasa. Ya ce abin ya yi kyau ƙwarai, sai dai kafaɗar Hajiya ta kare Mama a daidai lokacin, dole a sake. A mayar da kwalliyar, a goge kuma. Na ce sai dai a goge uwarsa. Bai ko kalle ni ba, wurin Auta ya je ya sassauta murya.

"Ƙanwata, saurare ni. In muka sa wanda muka ɗauka, ba a ga fuskar Mama ba, kowa zai ce da saninta, 'yar damfara ce. Har hukuma na iya shigowa. Amma in aka sake, ita ta goge da hannunta, duniya za ta ga ba ta sani ba. Ni taimakonku nake."

Auta ta dubi uwarta, wadda ke tsaye inda aka bar ta kamar an dasa ta. Ta ce, "A kawo jakata."

Mai kwalliya ta zo da kayanta za ta taimaka, ta gwada kala biyu ba su hau ba, ta ja da baya tana tauna cingam. Auta ta zauna a kan wani akwati a tsakiyar fitilun, ta ciro 'yan robobinta da ɗan madubi, ta fara. Attajiran suka samu hutu. Mai Siminti ya amsa waya yana faɗa a kan wata mota da ba ta iso ba, aka kawo wa Hajiya Farce ruwa da tsinken zuƙa don kada jan bakinta ya goge. Yaya kuwa aka ba ta kujera daura da 'yarta, ta zauna tana kallo. Ta ga yadda ake fara sa mai duhu a farin wurin, a jira ya sha iska. Ta ga yadda ake cike tattarar da ɗan yatsa, a bi da soso, a ɗiga 'yan ɗigo-ɗigo don ya yi kama da fata. Ta ga hannun bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, hannun da ya saba ne. Duk abin da aka ɓoye mata a bayan ƙofa kowace safiya, ranar aka yi mata shi a gabanta, kuma na tabbata kyamara ɗaya ba a kashe ta ba.

Da ta gama, aka mayar da kowa wurinsa, aka danƙa wa Yaya sabon tishu. Furodusa ya ce, "Mama, a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Ki ɗan juyo nan. Kada ki rufe fuskarki."

Yaya ta ɗaga hannu. Tishun ya faɗi, aka ɗauko aka sake ba ta. Auta ce ta kama hannun ta ɗora a kuncinta, ta ce, "Goge, Umma. Ba zafi." Yaya ta goge. Wannan karon kyamara ta biyu ta samu abin da take so.

Mai Siminti ya ce ba ya ciki. Mai Gilashi ya ce ba ya ciki, kuma yana ba da shawara a daina sayarwa daga yau. Hajiya Farce ta ce man dai ko kyauta ba ta so, amma abin da yarinyar nan ta kwaɓa, wanda ya rufe idon uwar da ta haife ta shekara da shekaru, wannan haja ce. Ta ce Auta ta zo kamfaninta, za su sa shi a kwalba, su sa fuskarta a allunan titi, rabi a rufe rabi a buɗe. Mai ɗaga hannu ya ɗaga, aka yi tafi. Auta ta ɗauki jakarta ta kama hannun uwarta suka fita. Ni na tattara kwalaben, don wata yarinya ta ce a yi sauri, mai haja na gaba yana jira.

Muka shiga mota. Yaya tana gaba, ta kafa wa titi ido har muka isa.

Da aka sa shirin, duka biyun suka haɗa, gogewar Hajiya da ta Yaya, suna maimaitawa a hankali da kiɗa mai ban tausayi. Rantsuwar ma sau biyu suka sa ta. Maganar da furodusa ya yi cewa duniya za ta ga ba ta sani ba, ko alamarta babu. A ƙasan allo suka rubuta cewa wata uwa ta yi talla da fuskar 'yarta. Guntun ya bazu a wayoyi, yara a layinmu suka mayar da shi wasa, ɗaya ya shafa wa ɗaya tsumma a kunci su ruga suna dariya. Matan da suka sayi man suka riƙa zuwa ƙofar gida, wasu da zagi, wata kuwa ta zo da ɗanta mai ƙuna a wuya, ta ajiye kwalbar a bakin ƙofa ta juya ba ta ce komai ba. Wannan ta fi yi wa Yaya ciwo. Ta kwashe tukwanen haɗin ta kai bayan gida ta kife.

Ba ta yi wa Auta faɗa ba. Ni da ta yi, da na fi so. Da ta zage ta, ta ce kin yaudare ni, kin sa na cuci mutane, da ko ba komai sai ta dube ta kafin ta faɗa.

Auta ta yi kwanaki tana fita aiki da fuskarta a buɗe. Sannan wata safiya na farka na ga ta kulle ƙofa ta zauna gaban madubi da robobin. Ta daɗe ranar fiye da kullum, kuma ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba. Ni da nake tsaye a kanta sai da na rasa inda tabon ya fara. Na ce mata, "Wa za ki rufe wa kuma? Duk duniya ta gani." Ta ɗaura ɗankwalinta ta fita, na bi ta.

Yaya tana kicin ta ba mu baya, butar tana tafasa a kan risho. Auta ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Ina kwana, Umma."

"Lafiya lau," in ji Yaya.

Auta ba ta tashi ba. Ta ɗaga fuskar, ta ɗan juya kuncin hagu wajen hasken taga, yadda ake tsayar da ita a ɗauki hoto. Yaya ta zuba shayi a kofi, ta sa sukari, ta juya, ta daɗe tana juyawa. Sannan ta juyo da kofin a hannu, idonta ya bi ta kan kafaɗar Auta ya wuce ya sauka a kaina.

"Miƙa mata," in ji ta.